Kawu Mai Rokar Kara

Wanda Ya ba mu aron Kawu Ya karɓi abinsa ranar wata Laraba da hantsi, a gidansa da ke Jega. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa mun dawo. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa kurakuransa.

Inna, mahaifiyata, ita ce ƙanwarsa da ke bi masa. Labarin ya iske ta a Aliero tana tankaɗe. An ce ba ta yi kuka ba. Ta ƙarasa tankaɗenta, ta rufe garin da faifai, ta ɗauki mayafi ta ce a kai ta tasha. Sai da ta shiga ɗakinsa ta ga takalmansa a jere a bakin gado, takalman da ya daɗe bai saka ba, sannan ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka.

Mu maza muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Dattawan unguwa suna ta cewa Malam mutum ne mai haƙuri, abin da ake faɗa wa kowane mamaci, alhali duk wanda ya san Kawu ya san haƙuri ba ya cikin abin da Allah Ya yi masa baiwa da shi da yawa. Tsofaffin ɗalibansa sun zo, wani direban babbar mota, wani tela, wani ma'aikacin jinya, wasunsu har da furfura. A maƙabarta sun jeru sun ƙame, suna shirin sara masa yadda ya koya musu suna yara. Liman ya dube su ya girgiza kai, suka sauke hannuwa a hankali.

Bayan mun zauna ne wani tsoho mai nauyin kunne ya tsaya da kekensa ya tambayi wa ya rasu. Aka ce masa Malam na makarantar firamare. Bai gane ba. Wani yaro ya ɗaga murya ya ce mai roka. Tsohon ya ce, “Af, wanda anka kama?” Maƙwabtan da suka hana ’ya’yansu shiga gidan a shekararsa ta ƙarshe suka sunkuyar da kai suna jan carbi.

Wannan tambayar ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ba na son ya zama abin da garin nan zai riƙe game da Kawu ke nan.

Malamin lissafi ne, kuma shi ne shugaban ’yan sikawut na makarantarsu tun kafin a haife ni. Dogo ne, siriri, mai saurin tafiya. Ko ranar da bai sa kaki ba, usur na rataye a wuyansa a ƙarƙashin riga. Idan yana tafiya idonsa na ƙasa, ba don kunya ba, roba yake nema. Masu faci na bakin tasha duk sun san shi, suna ajiye masa tsohuwar robar cikin tayar keke. Aljihunsa warin roba, hannunsa warin roba. Matarsa, wadda muke kira Iya, takan ce ta auri malami ta tsinci kanta a gidan mai faci.

Ban san inda ya fara ganin rokar roba ba. Shi dai ya ce a wani zango ne na shugabannin sikawut, wani ya nuna musu ta kanti, mai fenti, wadda aka sayo daga waje. Ya juya ta ya duba, ya ga babu abin da ke jikinta da ba za a samu a bayan gari ba. Daga nan ya shiga yin tasa. Bayan girbi mukan bi gonaki muna zaɓen sillen karan dawa, miƙaƙƙe wanda ƙwaro bai ci ba. A fiƙe masa baki, a kafa masa fukafukan kwali a gindi, a yanko farfela daga tsohuwar jarka a lanƙwasa ta a kan wuta. Robar kuma a yanka ta siririya da reza, a ɗaura ta daga farfela zuwa ƙugiyar da ke wutsiya. Yakan sa mu shafa mata yauƙin kuɓewa don kada ta ci kanta. Sai a ɗaure igiyar masunta guda biyu tsakanin itatuwan dogon yaro na filin makaranta, a rataya rokoki, kowa ya murɗa farfelarsa da yatsa har robar ta yi ƙulli-ƙulli. Idan Kawu ya busa usur a saki. Ƙarar da suke yi kamar ta fara ce ta tashi daga gona, kuma har yau idan na ji irinta sai na waiwaya.

Abin da ya fi yawan faɗa mana shi ne mu murɗa muna saurare. “Roba na hwaɗi maka kahin ta tsinke,” in ji shi. “Kai na ba ka ji.” Duk wanda tasa ta tsinke ba ya samun wata a ranar, ko da kuwa aljihun Kawu cike yake.

Sau ɗaya a shekara, idan kara ya bushe, akan yi gasa tsakanin yaran Jega da na Aliero da na Maiyama, kowace shekara a gari ɗaya. Babu kofi, babu kyauta. Wanda ya ci shi ke rataya usur ɗin Kawu har a tashi, ya busa shi yadda ya ga dama. Mun yi faɗa a kan wannan usur kamar gadon uba.

Ba zan ce Kawu ba shi da laifi ba. Akwai shekarar da wani yaro ɗan kafinta ya zo da roka mai kyan gaske, ta itace, an goge ta sumul. Kawu ya tambaye shi wa ya yi. Yaron ya ce shi. Ya miƙa masa wuƙa da kara ya ce ya fiƙe baki a gani. Yaron ya kasa. Kawu ya ajiye rokar a ƙasa ya taka ta a gaban yaran garuruwa uku. Yaron bai sake zuwa ba, kuma har ya girma idan ya hango Kawu sai ya sauya hanya. Iya ta yi masa faɗa a kan wannan, ya ce gaskiya ya koya masa. Ta ce ana koya gaskiya ba da takalmi ba. Duk da haka bai je ya nemi yaron ba.

Rigimarsa mafi tsawo da Baba ce, mahaifina. Baba manomin albasa ne a Aliero, mutum ne da bai yarda akwai wani aiki a duniya da ya wuce fadama ba. Wata shekara gasar ta faɗo a tsakiyar dashe. Na gudu daga fadama na ɓuya a bayan rumbu ina gyaran farfela. Baba ya same ni, ya karya rokar a gwiwarsa, ya jefa ta a murhu. Labari ya kai Jega. Washegari sai ga Kawu a kan keke, ko ruwa bai sha ba suka tsaya a zaure.

Baba ya ce, “Malam, ɗiyan mutane na hwadama, kai ka tara su kana koya musu wasan kara. Kara za su ci?”

Kawu ya ce, “Alhaji, albasa kowa ya iya ta garin ga. So nike yaron ga shi yi abu guda da hannunai, shi sake shi, shi gani ya tahi.”

Baba ya ce a cikin gidansa ba za a yi ba. Ranar Asabar Kawu ya kwaso yaran sikawut kaf, da kakinsu da tutarsu, ya zuba su a fadamar Baba suka dasa albasa tun safe har azahar, wai don kada a ce ya rage wa surukinsa hannu. Baba ya tsaya a kan kunya yana kallo. Da suka gama ya ce layin ya karkace, ya sa mu ’yan gida muka tuge wani sashe muka sake. Daga ranar suka daina shiga gidan juna. Gaisuwar Salla kawai, ita ma a tsaye. Inna ce ta sha wahalar abin, tana kai gaisuwar da ba a aiko ta da ita ba daga wannan gida zuwa wancan, shekara da shekaru.

A wata gasa da aka yi a Maiyama, bayan na girma har na fara taya shi ɗaurin igiya, muka lura da wani yaron Fulani a bakin fili, ya jingina da sandarsa, ya bar shanu suna shiga gonar mutane saboda kallo. Kawu ya yafuto shi. Yaron bai iya Hausa sosai ba, Kawu kuma Fulatancinsa na gaisuwa ne. Ya ɗora masa yatsa a kan farfela ya nuna masa yadda ake murɗawa. Da rokar ta tafi yaron ya bi ta da gudu har ƙarshen igiya. Daga wata ruga yake, a wajen Gumbin Kure. Mahaifinsa ya zo da ƙwaryar nono yana ba da haƙuri, yana zaton ɓarna yaron ya yi. Tun daga lokacin Kawu ya riƙa zuwa rugar. Ba su da kaki, ba sa makaranta, ya ce ba kome, ya yanka tsohon rawaninsa ya yi musu ƙyallen wuya. Wannan yaron ya girma ya yi aure, ’ya’yansa ma suka shiga hannun Kawu. Yaran rugar sun fi kowa iya yankan roba, kuma sun sha rataya usur.

Sai zamani ya juya. Kawu ya yi ritaya, bai daina ba, amma yara suka ragu. Wasu waya ta ɗauke musu hankali. Aka hana kwana a daji saboda tsaro, zango ya mutu. Labarin masu bindiga da muke ji daga nesa ya riƙa matsowa, yau an kwashe shanu a can, gobe an ɗauke mutum a gonarsa. Mutanen da suka yi shekaru suna cin kasuwa ɗaya da Fulanin ruga suka fara kallonsu a kaikaice. Wasu iyaye suka same shi suka ce ko dai ya sallami yaran ruga ko su janye nasu. Ya ce shi bai taɓa korar yaro ba sai wanda ya yi masa ƙarya.

Kalmar roka ma ta sauya ma'ana a bakin mutane. Da can idan an faɗe ta a Jega, kara da roba ake nufi. Yanzu makamin da ake cewa mutanen daji na saɓawa a kafaɗa ne. Iya ta roƙe shi ya sauya wa abin suna, ya ce jirgin kara ko wani abu. Ni ma na roƙe shi. Ya dube ni kamar na zage shi, ya ce, “Na riga su sunan ga. Su su canza.”

Ranar da abin ya faru yana kan hanyar zuwa rugar ne, da buhu cike da rokokin da ya shirya wa yaran don gasa. Ɗan kabu-kabu ya ɗauke shi a babur daga Maiyama suka bi hanyar daji. A bakin wani ƙauye, wanda ba zan faɗi sunansa ba, samari ’yan sintiri sun gitta gungume a hanya, da adduna da bindigogin toka. Ba a daɗe da kai wa ƙauyen hari ba, sun binne mutanensu. Suka tambaye shi ina za shi, ya ce ruga. Suka tambaye shi me ke cikin buhu. Ɗan kabu-kabun ya gaya mini cewa ya taka ƙafar Kawu don ya yi shiru, amma Kawu ya ce rokoki ne, na yara.

Ba su jira sun kwance buhun ba. Wani ya fizgo shi daga kan babur, wani ya kai masa gora a ƙugu. Ɗan kabu-kabun ya samu ya tsere, shi ya kira ni a waya. Ina wajen auna albasa a lokacin. Na nemi wani dattijo da ya san mai garin ƙauyen muka tafi tare.

Mun same shi kwance a gindin tsamiya, rana ta karkata. Sun zazzage buhun, sun ga kara ne da kwali, amma maimakon su sake shi sai wasu suka ce samfuri ne yake kai wa mutanen daji, wasu suka ce alama ce. Sun tattake rokokin duka. Hannuwansa na ɗaure ta baya da robarsa, ta nutse cikin fata har yatsun sun kumbura. Hularsa na gefe. Tsoho ne mai furfura, ya koyar da yaran ƙasar nan fiye da rabin rayuwarsa, yana kwance cikin ƙasa yara na tsaye a kansa. Da mai gari ya zo ya gane shi, ya dafe kai yana salati. Na durƙusa ina yanke robar. Abin da Kawu ya fara ce mini shi ne kada in bari labari ya kai rugar, kada su zo nemansa a kashe su.

Ƙashin cinyarsa ya karye kusa da ƙugu. Muka wuce da shi Aliero wajen masu ɗori. Ina tunanin inda zan sauke shi, sai na ga Baba tsaye a ƙofar gida, an riga an share zaure an shimfiɗa katifa. Ya kama kafaɗun Kawu ni na kama ƙafafu muka shigar da shi. Mai ɗori ya zo ya ja ƙafar, Kawu ya ciji hannun rigarsa bai yi ƙara ba. Da ake jera masa karan ɗori ya ɗago kai ya duba, ya ce wa mai ɗorin wannan karan ƙwaro ya ci shi, a sauya. Baba ya yi dariya, dariyar da ta ƙare da share ido.

A wannan zauren ya yi jinya. Baba ne ke juya shi, shi ke riƙe masa buta. Ba su taɓa tayar da maganar fadama ba. Sukan yi gardama a kan labaran rediyo, a kan wa ya fi wani tsufa. ’Yan'uwa sun matsa a kai ƙara, Kawu ya hana. Ya ce yaran nan gawa suka binne, tsoro ne ya doke shi ba su ba, shi ya yafe. Na ce masa ni ban yafe ba. Ya ce wannan ni ya shafa.

Ƙashin bai kama ba. Akwai ciwon suga, ga shekaru. Aka sake ɗori, aka je asibiti, aka dawo. Ya nemi a mayar da shi Jega, yana zaton yara za su riƙa zuwa ko a kwance ya koya musu. Amma kafin ya isa, magana ta riga shi. A kasuwa ana cewa an kama Malam da makamai, wasu na cewa ai dama an daɗe ana zarginsa, in ba haka ba me tsoho ke nema a ruga. Mutanen da suka san gaskiya, waɗanda su da kansu suka murɗa farfela a hannunsa, ba su ƙaryata da ƙarfi ba. Kowa na tsoron a haɗa da shi. Iyaye suka hana ’ya’yansu ko leƙa zauren. Su kuma mutanen rugar, da labari ya kai musu, suka kwashe ya-nasu-ya-nasu suka yi kudu. Ba su yi sallama ba, ba mu kuma san inda suka sauka ba.

Wannan ya fi karayar ƙafar ci masa rai. Idan na je duba shi nakan same shi an jingina shi da bango, da reza da jarka a cinya, yana yanka farfela. Ya tara su a kwano har sun cika. Idan ya ji muryar yara a waje sai ya dakata ya kasa kunne, har su wuce. Wata rana ya tambaye ni ko kara ya bushe a gonaki. Na ce ya bushe. Ya ce to, ya juya fuska bango. Daga baya hannun ma ya daina riƙe reza. Ya rage magana, ya rage ci. Iya ta ce da safen da zai cika ya nemi ta buɗe masa taga, ya yi kalmar shahada da bakinsa, ba a laƙƙana masa ba.

Ranar addu'ar uku, bayan jama'a sun watse muna naɗe tabarmi, wani saurayi ya yi sallama ya tsuguna nesa da mu. Ya rame, tufafinsa duk ƙura. Na gane shi kafin ya buɗe baki, don na gan shi a gindin tsamiyar nan. Ya ce shi ne ya ɗaure hannuwan. Ya ce wansa na cikin waɗanda aka kashe a ƙauyensu, a ranar ba ya cikin hankalinsa, kuma tun da ya ji Malam ya kwanta yake son zuwa, kunya da tsoro suka hana shi, har ya ji rasuwa. Ya ce a yi masa iso wajen mai ɗakin Malam ya nemi gafara.

Baba ya miƙe, ya saka takalmansa, ya tafi masallaci ba tare da ya dube shi ba. Ni kuwa na daɗe a tsaye da tabarma a hannu. Amma ba ni aka zo nema ba. Na shiga cikin gida. Iya na zaune a ɗakinta cikin takaba, Inna na gefenta. Na gaya wa Iya wanda ke waje da abin da ya kawo shi. Ta ce:

“Hwaɗa mai Malam ya yahe, da kunnena na ji. Ni ban kai nan ba tukuna. A zuba mai abinci shi ci, hanyatai da nisa.”

Na kai masa kwanon tuwo na faɗa masa saƙon yadda aka ba ni, ban ƙara ba ban rage ba. Ya karɓa da hannu biyu. Ya zauna da kwanon a gabansa, hawaye na ɗiga a kan murfin, bai buɗe ba. Da aka kira sallar la'asar ya ajiye shi a bakin zaure ya tashi ya tafi.

Allah Ka haskaka kabarin Kawu, Ka yalwata masa shi, Ka saka masa da alherin kowane yaro da ya taɓa kama wa yatsa. Ka ba Iya da Inna juriyar rashinsa. Ka kai mutanen rugar nan inda za su kwana da ido biyu rufe. Mu da muka rage, Ka sanyaya mana zukata, Ka sa mu cika da imani.